Zanen da Gwaggo Ke Wankewa da Dare

Mu dai ba likitoci ba ne, ba kuma masana kwamfuta ba; alƙalami muka sani, shi ma gwargwadon hali. Saboda haka idan mai karatu ya ga mun tsoma baki cikin maganar da ta fi ƙarfinmu, to ya yi mana uzuri, domin masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya jawo mu cikin wannan zance shi ne Gwaggonmu, Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma mu bakwai da muka tashi a gidan nan babu wanda bai yi barci a bayanta ba. Mace ce mai jiki, mai fara'a, mai son tuwon dawa da man shanu, ga ta da ciwon suga wanda ta ɗauke shi tamkar maƙwabci mai fitina, wanda ba yadda za a yi da shi sai haƙuri. A daminar 2017 ne matan gidan suka lura da wani baƙon abu. Gwaggo, wadda rabonta da wanki an fi shekara ashirin saboda 'yan mata sun cika gida, sai ga ta tana tashi bayan kowa ya kwanta, ta wanke zanenta da kanta, ta kai bayan ɗaki ta shanya inda ido ba ya kaiwa. Da aka tambaye ta sai ta ce yaran yanzu ba su iya wanki ba, sai ɓarnar sabulu. Aka yi dariya, aka bar maganar.

Ashe jini take gani. A lokacin shekarunta sun haura 60, kuma al'ada ta ɗauke mata fiye da shekara goma. Wadda ta fara faɗa wa ita ce malamar Islamiyyarsu, kuma abin da ya kai ta shi ne ta san matsayin sallarta. Allah Ya saka wa malamar nan da alheri, don bayan ta ba ta amsa ta ƙara da cewa, "Hajiya, wannan na asibiti ne, kada ki kwana da shi." Gwaggo ta ɗauki rabin farko na amsar ta yi aiki da shi, rabi na biyu kuwa ta ninke ta ajiye har wata takwas. Mu maza mu ne na ƙarshen ji, kuma ko da muka ji, a dunƙule aka faɗa mana: wai Gwaggo tana da "larurar mata". Muka sunkuyar da kai, muka ce Allah Ya sawwaƙe, muka ba da kuɗin mota.

Sai daga baya muka koyi sunan ciwon. Galibinmu idan aka ce sankarar mahaifa, ta bakin mahaifa muke nufi, wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa, wadda kuma Najeriya ta fara yi wa 'yan mata rigakafinta a watan Oktoba na 2023. Ta Gwaggo daban ce. Ita tana tsirowa ne a jikin shimfiɗar da ke cikin mahaifar, wato ita wannan shimfiɗa da ke kauri duk wata ta zube a matsayin haila. Ƙididdigar da cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta fitar game da shekarar 2020 ta nuna mata kimanin 417,000 ne suka kamu da ita a wannan shekara, wajen 97,000 kuma suka rasu. Tana yawan samun macen da ta daina al'ada, da mai ƙiba, da mai ciwon suga, da wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Dalili kuwa shi ne sinadarin istirojin, wanda ke sa shimfiɗar nan ta yi ta girma. Bayan al'ada ta ɗauke, kitsen jiki yana ci gaba da samar da shi, alhali ɗan'uwansa mai taka masa birki ya riga ya tafi. Da muka karanta wannan jeri sai muka ga kamar an zaunar da Gwaggo ne aka zana ta.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, wannan ciwo ba ya cikin masu shigowa a ɓoye. Sallama yake yi. Wani babban nazari da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna cewa kusan mace tara cikin goma masu wannan sankara sun ga jini bayan ɗaukewar al'ada kafin a gano ta. Idan aka kama ta tun ba ta fita daga mahaifa ba, a Amurka kimanin 95 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara biyar. Idan kuwa ta watsu zuwa sassa masu nisa, ba a samun ko 20 cikin 100. To amma wannan nazarin ya nuna wani abu kuma: cikin kowace mace 100 da ta ga irin wannan jini, wajen 9 ne kawai ke da sankarar. Sauran 91 wani abu ne mai sauƙi. Matsalar likita ita ce ta yaya zai tsinto taran nan daga cikin ɗarin.

Yadda ake tsintowar mun gan shi da idonmu, ko kuma mu ce mun ji shi daga bakin ƙofa. Da farko aka yi mata hoton mahaifa, irin wanda ake saka na'urar ta gaba don a auna kaurin shimfiɗar; ƙa'idar ita ce idan bai wuce milimita 4 ba, hankali ya ɗan kwanta. Mai hoton ya ce akwai ƙari a mahaifar, irin wanda ba sankara ba, ya tare masa gani. Aka rubuta mata magani, aka ce ta dawo in bai tsaya ba. Ba za mu faɗi sunan wurin ba, don ba ƙara muka kawo ba. Wata uku suka ƙara tafiya. A babban asibiti ne aka zura wani siririn bututu har cikin mahaifa aka tsotso ɗan nama don a kai ɗakin gwaji. Gwaggo, wadda muka taɓa ganin ta taka garwashi ba ta ce uffan ba, ta fito tana dafa bango. A mota ta juyo ta ce mana, "Ɗan nan, ba zafin ne ya dame ni ba. Yaron da ya yi mini aikin, na girmi uwarsa." An yi mata tiyata an cire mahaifar, amma ciwon ya riga ya ƙetare. Ta rasu cikin azumin 2019.

Mun binne ta, muka binne maganar tare da ita, kamar yadda muka saba. Ɗiyar yayanmu ce ta tono ta. Yarinya ce mai karatun kwamfuta a jami'a, kuma tana cikin 'yan matan da Gwaggo ta ce ba su iya wanki ba. Wata rana da yamma ta zo da wasu takardu ta ce, "Baffa, kai da kake rubuce-rubuce, ga abin da ya kamata ka rubuta a kai." Rahoton wani bincike ne da aka yi a Jami'ar Mancesta ta Ingila, aka buga shi a 2024, wanda Dokta Kelechi Njoku da Farfesa Emma Crosbie da abokan aikinsu suka gudanar. Muka juya takardun sama da ƙasa, muka ce mata mu fa ko kan zancen ba mu gani ba, balle wutsiyarsa. Ta yi dariya, ta gyara zama a kan tabarma. Abin da za mu faɗa yanzu, rabi daga bakinta muka ji, rabi kuma mun bi shi da karatu daga baya.

Jikin ɗan Adam, in ji ta, yana da umarnin gado kimanin 20,000, kuma kowane umarni bayani ne na yadda za a ƙera wani sinadari da ake kira furotin. Mu da muka san furotin a wake da ƙwai da nama sai muka yi mamaki, ashe su ne ma'aikatan jiki: wani dako yake yi, wani gini, wani gadi, wani kai saƙo. Idan wani sashe na jiki ya rikiɗe ya zama sankara, ma'aikatan da ke wurin sukan canja. Wasu su yi yawa, wasu su ragu, wasu baƙi su bayyana. Kamar dai gidan da ake shirin biki ne, ko ba a faɗa maka ba, in ka ga masu itace da masu niƙa da masu ƙunshi suna ta shiga da fita, ka san akwai magana. Irin waɗannan furotin masu tona asirin ciwo su ne masana ke nema, su zama alamar da za a riƙa aunawa.

Dabarar mutanen Mancesta ita ce, maimakon su tsaya ga jinin hannu kaɗai, sai suka ce ai mahaifa ƙofarta a ƙasa take, duk abin da ƙarin ya zubar dole ya gangaro. Don haka suka ɗebi ruwan da ke gaban mace da wani ɗan abin ɗauraya, wanda asali an ƙera shi ne don mace ta iya ɗibar wa kanta. Mata 118 suka ba da nasu, dukkansu sun daina al'ada kuma sun zo asibiti da alamun ciwo. 53 an tabbatar suna da sankarar, 65 ba su da ita. Aka daddatsa furotin ɗin da ke cikin ruwan, aka zuba su a wata na'ura da ke ba su cajin lantarki ta auna nauyin kowane gutsure, ta haka a gane ko wane ne kuma nawa ne yawansa. Hanyar auna manyan sinadarai irin wannan ita ta ba John Fenn na Amurka da Koichi Tanaka na Japan kyautar Nobel a 2002.

A nan ne kwamfuta ke shigowa. Kowace mace ɗaya, na'urar ta fitar mata da adadin ɗaruruwan furotin. Ba likitan da zai zauna da wannan tulin lissafi ya gane da ido wanne ne ke rarrabe mai ciwo da marar ciwo, musamman da yake sau da yawa ba furotin ɗaya ba ne, haɗuwar uku ne ko biyar. To shi ne ake koyar da na'ura. Ba a ba ta ƙa'ida. Misalai ake ba ta. A ce mata wannan mai ciwo ce, wannan ba ta da shi, a yi ta maimaitawa har ta tsinci abin da ke bambanta su da kanta, sa'annan a kawo mata wadda ba ta taɓa gani ba a ce ta faɗa. Yarinyar ta ce, "Baffa, kamar yaron dillalin shanu ne a kara. Ba a zaunar da shi a ba shi darasi, kallo yake yi har ya wayi gari in ya ga saniya ya san lafiyarta." Ɗaya daga cikin dabarun da aka fi amfani da su a irin wannan aiki, wadda wani masanin lissafi mai suna Leo Breiman ya fito da ita a 2001, ita ce a naɗa ɗaruruwan ƙananan alƙalai a cikin kwamfuta, a nuna wa kowanne wani yanki na shaidu, kowa ya yanke nasa hukunci, sa'annan a ƙirga rinjaye. Daga nan sai a duba waɗanne shaidu ne alƙalan suka fi dogara da su.

Furotin biyar suka tace daga ruwan. Da waɗannan biyar, sun gano 91 cikin 100 na masu sankarar, sun kuma wanke 86 cikin 100 na waɗanda ba su da ita. Na jinin hannu bai kai haka ba. 75 cikin 100 na masu ciwon ya kama. Muka ɗauki biro muka yi namu lissafin na 'yan kasuwa. A ce mata ɗari sun zo da jini, tara masu ciwo. Gwajin zai kama takwas. Cikin 91 masu lafiya, zai sallami wajen 78 su koma gida ba tare da an zura musu bututun nan ba, 13 kuma za a tsorata su a banza kafin a gane ba komai. Ga kuma mace ɗaya mai sankara da za a ce mata je ki, lafiyarki ƙalau. Mun daɗe muna kallon wannan ɗayar a kan takarda, domin mun san irin abin da "je ki dawo" ke yi wa macen da dama kunya ce ta kawo ta a makare. Su kansu masu binciken ba su ce an gama ba. Sun ce sai an sake gwadawa a kan mata masu yawa.

Wannan taka-tsantsan nasu yana da tarihi, kuma labarin ya cancanci a ba da shi. A 2002 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike daga Amurka da ya girgiza duniya. An ce kwamfuta ta koyi gane sankarar gidan ƙwan mace daga ɗigon jini: cikin mata 50 masu ciwon ba ta kuskure ko ɗaya ba, cikin 66 marasa shi ta wanke 63. Jaridu suka ɗauka, har aka fara shirin sayar da gwajin. Sai wasu masana lissafi a cibiyar sankara ta MD Anderson da ke jihar Tekzas, Keith Baggerly da abokansa, suka zauna suka bi alƙaluman dalla-dalla. A 2004 suka nuna cewa bambancin da kwamfutar ta kama yana iya kasancewa na yadda aka sarrafa jinin ne da yadda aka saita na'urar, ba na ciwon ba. Wato tamkar yaron da aka kai koyon sanin goro ne, aka yi ta nuna masa mai kyau a sabon huhu, maras kyau a tsohon huhu. Ya fito ya ƙware ƙwarai, amma a sanin huhu. Ranar da aka juye masa goro a faifai sai ido ya raina fata. Gwajin nan bai kai ga zama abin da aka yi alkawari ba. Abin da ya burge mu da aikin Mancesta shi ne, ba su kwatanta marasa lafiya da 'yan mata masu jini a jika ba. Sun kwatanta su ne da takwarorinsu waɗanda su ma alamun ciwo suka kawo su, wanda shi ne ainihin rarrabewar da likita ke buƙata.

Duk da haka akwai wani abu da ya tsaya mana a wuya, kuma shi ne dalilin da ya sa muka ga maganar ta shafe mu kai tsaye. Na'ura ba ta sanin kowa sai wanda aka nuna mata. Ɗaya daga cikin furotin biyar ɗin nan, wanda kuma ya sake fitowa a cikin ukun da aka tace daga jinin hannu, sunansa haftogulobin. Aikinsa shi ne kwashe abin da ya zube idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe, kuma idan farfashewar ta yi yawa sai ya ƙare a jini. Me ke farfasa ƙwayoyin jini? Zazzaɓin cizon sauro da sikila. Tun a 1958 Anthony Allison da abokansa suka auna jinin wasu 'yan Najeriya suka tarar kaso mai yawa daga cikinsu ba a ganin wannan furotin a jikinsu sam. To mai karatu ya duba: ma'aunin da aka saita a Mancesta, inda sauro ba ya ba kowa zazzaɓi, a kawo shi nan a tsakiyar damina. Ba mu ce ba zai yi aiki ba. Cewa muka yi, kafin a yarda da shi sai an gwada shi a kan matanmu, da ruwan jikinsu, a cikin yanayinsu.

Kuma ba zargi ne na banza ba, don an riga an ga irinsa da ƙa'idar milimita 4 ɗin nan. Dokta Kemi Doll ta Jami'ar Washinton da abokan aikinta sun yi lissafi a 2021 suka nuna cewa auna kaurin shimfiɗa da hoto yana kuskuren gano sankarar a jikin baƙaƙen matan Amurka fiye da ninki huɗu na yadda yake kuskure a jikin farare. Dalili biyu suka bayar: baƙar mace ta fi yawan samun ƙarin mahaifa mai tare gani, kuma ta fi kamuwa da nau'in sankarar mai zafi wanda ba lallai ne ya kumbura shimfiɗar ba. A can Amurka baƙaƙen mata suna mutuwa da wannan ciwo kusan ninki biyu na farare. Da muka zo wannan wuri sai muka ajiye takardar, muka tuna mai hoton nan da ya ce ƙari ya tare masa gani. Bai yi ƙarya ba. An ba shi ma'auni ne da aka yanka a jikin wasu.

Muka tambayi yarinyar, to me zai hana a koyar da na'urar da namu? Ta ce kwamfutar ba ita ce matsala ba, wadda take ɗauke da ita a jaka ma za ta iya wannan lissafi kafin a sauke shayi. Abin da ake buƙata shi ne ruwan da za a ɗiba daga ɗaruruwan mata, a rubuta bayanin kowacce daidai, a adana shi a firjin da ke sanyi har awo 80 ƙasa da sifili, wuta ba ta ɗauke ba ko na dare ɗaya, sa'annan a bi kowace mace har a tabbatar da abin da ke damunta. Muka yi shiru, don a daidai lokacin da take wannan magana da fitilar waya muke haska takardun. Ta ƙara da cewa, kuma kafin firji, sai matan sun yarda sun zo. Muka ce ai ke kin san su Gwaggo. Ta ce, "Na san su, Baffa. Ni na ga zanen a bayan ɗaki. Shekarata goma sha huɗu, na ɗauka ba huruminmu ba ne."

Bayan sati biyu muka shirya muka je gidan babbar yayarmu, wadda yanzu ta kai shekarun da Gwaggo take a wancan lokaci, ga jiki iri ɗaya, ga sugan ma ta gada. A al'adarmu ƙane ba ya buɗe baki ya yi wa yayarsa irin wannan magana, don haka muka fake da takarda. Muka ce wani rubutu muke yi wa mujalla, muna so ta saurara ta gaya mana ko Hausar ta fita. Muka karanta mata tun daga zanen har zuwa furotin biyar, idonmu a kan takarda, nata a kan zogalen da take tsinkewa. Ba ta tanka ba a wurin kwamfuta, ba ta tanka ba a wurin alƙaluma. Sai da muka gama ta ce, "Wannan ruwan da ka ce ana ɗiba, mace da kanta za ta ɗiba a ɗaki, ko sai ta kwanta a gaban wani?"

Muka ce abin ɗibar dai an yi shi ne don ta iya da kanta, amma gwajin yana hannun masu bincike tukuna. A yanzu duk wadda ta ga jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ɗigo ɗaya ne, asibiti za ta nufa a satin, a yi hoton, in hoton bai fita ba ta nemi a ɗebi naman. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta har muka ɗauka maganar ta wuce. Muna sa takalmi za mu fita sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ka bar mini takardar nan. Akwai wata ƙawata da zan karanta wa." Muka ajiye mata a kan tabarma, muka ce ranar Litinin motarmu ba ta da aiki, idan ƙawar tata tana son a kai ta.